Daga Rumbu Zuwa Kwali: Me Yaranmu Ke Karya Kumallo Da Shi?

Karin kumallo ya fara sauya kama a garin Mashi, kamar yadda yake sauyawa a Katsina da Daura da sauran garuruwanmu. Koko da ƙosai suna nan daram, ɗumamen tuwon jiya bai bar gidajenmu ba, masu waina da masu shayi kuma suna cin kasuwarsu tun da asuba. Amma duk wanda ya leƙa shagunan da ke bakin titin Katsina zuwa Daura zai ga baƙi sun yi sahu a kan kanta: kwalaye masu launi da 'yan ƙananan ledoji da aka rataya jere, Golden Morn, konfileks na NASCO da na Kellogg's, Coco Pops, ga kuma Cerelac na jarirai. Uwa mai shirya yara uku zuwa makaranta kafin ƙarfe bakwai da rabi ta san amfaninsu. Ruwan zafi, cokalin madara, a juya, an gama. Ba hura wuta, ba jiran koko ya dahu.

Ni ɗan gidan masu sarin hatsi ne, a tsakanin buhuna na tashi, yanzu kuma darasin noma nake koyarwa. Shi ya sa in na ga kwalin nan, hankalina ba ya tsayawa a kan hoton yaron da ke murmushi a jikinsa. Yana komawa ga masarar da ke ciki: a wace gona ta fito, me aka fesa mata, a wane sito ta kwana, wa ya auna ta kafin a niƙa. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, lafiyar abin da ke cikin kwanon yaro da safe ba a shago ake yanke ta ba. Ana yanke ta ne tun a gona da ɗakin ajiya, kuma mafi yawan hannayen da ke wannan aiki namu ne.

Inda abin ya samo asali

Abincin kwali na safe irin konfileks ya fito ne daga garin Battle Creek a jihar Michigan ta Amurka. Wani likita, John Harvey Kellogg, yana kula da wani gidan jinya a can, shi da ƙaninsa Will Keith Kellogg suka gano yadda za a dafa hatsi, a murje shi falle-falle, a gasa. Likitan abincin marasa lafiya yake nufi, ba ya son a sa masa zaƙi. Ƙanin kuwa kasuwa yake hange, ya ƙara sukari, ya kafa kamfaninsa a 1906, 'yan'uwan suka ɓata har gaban alƙali. Tun daga ranar farko ke nan, gardamar da ke cikin wannan abinci ita ce tsakanin lafiya da ciniki.

A Najeriya ma ba baƙon jiya ba ne. Kamfanin NASCO da ke Jos ya daɗe yana yin konfileks. Nestlé ya fito da Golden Morn a 1986, daga masara da waken suya, ana sarrafa shi a Agbara ta jihar Ogun. Kellogg's kuma ya haɗa gwiwa da kamfanin Tolaram a 2015, suka buɗe masana'anta a Lekki ta jihar Legas a 2017. Masana'antun suna Kudu ko Filato, amma babban rumbun masara da waken suya na ƙasar nan Arewa ne: Kaduna, Neja, da kudancin jiharmu, wuraren Funtuwa da Bakori da Ɗandume. Mu nan Mashi ƙasar gero da dawa da wake da gyaɗa ce, amma kasuwar hatsi ɗaya ce, dillalanta ɗaya ne, kuma hanyoyinta suna haɗuwa a Dawanau ta Kano. Ɗabi'ar da mai ajiyar wake ya koya a nan, ita ce mai ajiyar masara ke yi a can.

Ƙofofi uku da guba ke shiga hatsi

Ƙofa ta farko ita ce gona. A da, fartanya ke kashe ciyawa. Yau kuɗin ƙwadago ya yi tsada, manomi ya koma ga maganin feshi, kuma ba wanda zai zarge shi. Sai kuma tsutsar masara da ta bayyana a ƙasar nan a 2016, wadda ke shiga can cikin ƙoƙon ganye ta cinye shuka, ta tilasta wa manoma feshi sau da dama a damina ɗaya. Matsalar ba feshin ba ne kawai, yadda ake yinsa ne. A jikin kowace kwalba an rubuta adadin da za a zuba a tankin goyo, da kwanakin da za a jira tsakanin feshin ƙarshe da girbi. Rubutun da Turanci yake, da ƙananan baƙaƙe. Manomi sai ya tambayi mai shago, mai shago kuma ya ce masa ya ƙara murfi ɗaya don ya fi ci.

Ƙofa ta biyu ita ce wajen shanya, zan dawo kanta. Ta uku, wadda ta fi kusa da bakin yaro, ita ce sito. Abin da aka fesa a gona yana samun watanni na rana da ruwan sama da iska kafin ya iso tukunya, yawancinsa ya lalace. Abin da aka zuba a kan tsabar hatsi a cikin ɗaki kuwa, babu rana, babu ruwa, yana zaune a jikinta.

Na tsaya a wani sito bayan kaka, lokacin da ake tara wake don a jira tsadarsa. An shimfiɗa tamfol, an zazzage buhu goma sha, yaro matashi ba takalmi, ba safar hannu, ba abin rufe hanci, yana yayyafa ruwan magani daga gorar roba da aka huda murfinta da ƙusa. Wani yana bi da shebur yana juyawa. Warin ya cika ɗakin, har idona yana yaji. Na ce wa mai kayan, wanda sa'an mahaifina ne, "Baba Alhaji, wannan ai maganin sauro da kyankyaso ne, ba na abinci ba." Ya dube ni ya ce, "Malam, in ban sa ba, kafin bazara ƙwari sun mayar mini da shi gari. Kuɗin mutane ne a ciki. Kuma ai kafin a ci ya huce." Ba mugu ba ne. Mutum ne da ke tsoron asara, wanda ba a taɓa zaunar da shi an nuna masa wata hanya ba. Amma a can gefe, na ga jarkoki huɗu a toshe da leda, an ɗaure bakinsu tam. Waken gidansa ne, babu ɗigon magani a ciki. Zuciyarsa ta san bambancin.

Wannan ruwan da ake yayyafawa, ko sunansa Sniper ko fiya-fiya, sinadarin da ke cikinsa daiklobos ne. Jijiyoyin ƙwaro yake kamawa, kuma haka yake kama na mutum: yawu ya yi ta zuba, gumi, amai, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya yi wuya. Akwai kuma ƙwayar fostoksin da ake cusawa cikin buhu. Ita da ta ji danshin iska sai ta saki hayaƙi mai kisa. An yi ta ne don sito mai rufuwa ruf, a hannun wanda aka horar, a buɗe a sha iska bayan kwanakin da aka ƙayyade, a kwashe tokar da ta bari. A wurinmu sai a naɗe ta a tsumma a tura cikin buhun da ke jingine a ɗakin da yara ke kwana. Ko hodar da aka amince a barbaɗa wa hatsi, irin su Actellic, tana da ma'auninta da lokacin jiranta, kuma wanda ya wuce ma'auni ya fita daga amincewar.

Darasin da wake ya koya mana

Ba sai mun yi hasashe ba, abin ya faru. A 2008, ɗalibai mata sama da 100 na makarantar sakandaren gwamnati ta Doma a jihar Gwambe sun kwanta asibiti bayan cin wake, bincike ya nuna an adana shi da lindan, sinadarin da muka sani da Gammalin. A shekarar ce hukumar NAFDAC, ƙarƙashin marigayiya Dora Akunyili, ta haramta magungunan ƙwari kusan 30.

A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya. Dalili, an yi ta samun daiklobos a cikinsa, daga miligiram 0.03 har zuwa 4.6 a kowane kilo, alhali iyakar da suka yarda da ita 0.01 ce. Don a gane ƙanƙantar wannan iyaka, giram ɗaya ne tak na sinadarin a cikin buhu dubu masu kilo ɗari-ɗari. Mafi munin samfurin ya ninka iyakar sau 460. An ce dakatarwar ta shekara ɗaya ce, sai aka yi ta tsawaita ta shekara da shekaru. A 2018 wani faifan bidiyo ya bazu yana nuna 'yan kasuwa suna zuba wa wake Sniper, hukumar kare masu sayayya ta fitar da gargaɗi. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da manyan kantuna.

Abin tambaya a nan shi ne, waken da Turai ta ƙi karɓa saboda tana da na'urar aunawa a bakin tashar jirgin ruwa, wa ke auna irinsa kafin ya zama ƙosan da yaro zai haɗa da koko? Babu na'ura a kasuwar Mashi, babu a Mai'aduwa. Hancin uwa da idonta ne kawai.

Can ƙasashen waje ma ba su tsira ba

Kada a ɗauka kwalin da aka shigo da shi daga waje ya fi ƙarfin wannan magana. A watan Maris na 2015, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya gilaifoset, sinadarin maganin ciyawa na Roundup da ire-irensa da ke cike da shagunanmu, a jerin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo daji. A Amurka da Kanada wasu manoma kan fesa shi a kan hatsin ot, wanda muka fi sani a gwangwanin Quaker Oats, dab da girbi don ya bushe lokaci ɗaya. A watan Agustan 2018 wata ƙungiya mai zaman kanta a Amurka, EWG, ta auna kayan karin kumallon yara da ake yi da ot, ta sami burbushin gilaifoset a mafi yawansu. Kamfanonin suka amsa cewa adadin yana ƙasa sosai da iyakar da doka ta sa, kuma hukumar kare muhalli ta Amurka tana kan ra'ayin cewa sinadarin ba ya jawo daji in an yi amfani da shi bisa ƙa'ida. A 2023 Tarayyar Turai ta sabunta masa izini na shekara 10, amma ta hana fesa shi don busar da amfanin gona kafin girbi.

Masana suna jayayya a kan haɗarin ɗan burbushin da ake ci kullum shekara da shekaru. Amma a lura da abin da suke jayayya a kai: ɗigo ne da sai na'ura mai tsada ke iya gani. Namu kuwa, wani lokaci hanci ma yana jin sa. Kuma jikin yaro ƙarami ne, abincin da yake ci idan aka gwada da nauyinsa ya fi na babba, ƙwaƙwalwarsa da hantarsa suna kan ginuwa. Abin da babba zai ɗauka ya wuce, yaro ba lallai ya ɗauka ba.

Gubar da ba a saya a shago

Ƙofar da na ce zan dawo kanta ita ce shanya. Masara ko gyaɗar da aka tara da sauran danshi, ko aka shanya a ƙasa ruwan ƙarshen damina ya taɓa ta, tana yin fumfuna. Wani nau'in fumfunar yana haifar da guba mai suna afalatoksin. Ba ta da wari, dafuwa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta. Tana cin hanta a hankali, tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo dajin hanta, kuma bincike ya danganta ta da tsumburewar yara. A 2004 a gabashin Kenya, mutum 125 sun rasu bayan cin masarar da ta kamu da ita.

Wannan ya shafi kwali, ya shafi kunun gyaɗa, ya shafi garin kunun yara da mata ke haɗawa da masara da waken suya da gyaɗa suna sayarwa a farar leda. Gyaɗar da ta yanƙwane, ta yi baƙi, ta yi ɗaci, wadda ake warewa a sayar da araha, ita ce ta fi ɗaukar gubar, kuma sau da yawa ita ke ƙarewa a ƙuli-ƙuli da kunu. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da wani abu mai suna Aflasafe da ake watsawa a gona makonni kaɗan kafin shuka ta yi fure, yana rage gubar ƙwarai. Manomanmu da yawa ko sunansa ba su taɓa ji ba.

Buhun da kamfani ya ƙi

A yi wa manyan kamfanoni adalci. Suna da ɗakunan gwaji, suna auna danshi da fumfuna da sauran magani kafin su sauke mota, don sunansu jarinsu ne. Nestlé ma ya shiga wani shiri da hukumar raya ƙasashe ta Amurka a jihar Kaduna daga 2017, na koya wa manoman masara da waken suya yadda za su rage gurɓata, saboda yawan kayan da ba su kai ma'auninsa ba. Ta fuskar maganin ƙwari, kwalin da ke da lambar NAFDAC ta gaskiya ya bi ta hannun masu aunawa, abin da tiyar hatsin kasuwa ba ta samu ba.

Sai dai duk wanda ya san harkar hatsi ya san motar da kamfani ya mayar ba a ƙona kayanta. Tana juyowa kasuwa. A can ne mai injin niƙa, da mai haɗa garin kunu ba suna ba lamba, da mai abincin kaji, da uwar gida mai neman sauƙi za su saya. Tacewar da kamfani ya yi ta kare mai sayen kwali, ta bar dusar ga wanda ba shi da kuɗin kwali. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a duk lamarin.

Zaƙin da ke rufe komai

Idan maganin ƙwari abu ne da ake tsoron ko yana ciki, sukari kuwa tabbas yana ciki, kuma a rubuce yake. Doka ta wajabta a jera kayan haɗi a jikin kwali daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Ɗauki kwali ka juya bayansa. In ka ga sukari ya zo na biyu ko na uku, ka san matsayinsa. Sannan ka nemi layin da ke nuna giram nawa ne na sukari a cikin giram 100. Hukumomin lafiya na Ingila suna ɗaukar abin da ya haura giram 22.5 a matsayin mai yawa, giram 5 zuwa ƙasa kuma kaɗan. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar kimanin giram 4, sai ka raba ka ga cokali nawa ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kimanin cokali 12 ga babban mutum, kuma rabin haka ya fi. Na yaro bai kai nan ba. Yanzu a lissafa safiyar ɗan firamare: garin kwali da sukarinsa, madarar gari mai zaƙi, uwa ta ƙara cokali biyu don ya shanye, a jakarsa kuma ga biskit da lemon kwali. Kafin a tashi tara ya cinye rabonsa na yini. Zaƙin nan yana saurin ƙonewa, yunwa ta dawo da wuri, haƙora su fara ruɓewa, harshe kuma ya saba, har ya zamana kunun tsamiya ba ya masa daɗi.

A watan Afrilun 2024, wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye tare da ƙungiyar IBFAN suka fitar da rahoto a kan Cerelac. Sun gano cewa wanda ake sayarwa a ƙasashe masu tasowa yana ɗauke da ƙarin sukari, a Najeriya har giram 6.8 a ci ɗaya a wani samfurin, alhali irinsa na jarirai 'yan wata shida a Jamus da Ingila babu ƙarin sukari ko kaɗan. Kamfanin Nestlé mai yin sa ya ce yana bin dokokin kowace ƙasa da ma'aunin duniya, kuma yana rage sukarin a hankali. To, in dokarmu ce ta ba da ƙofa, sai a gyara dokar. An ga yadda matsin lamba ke aiki: a 2018 Kellogg's ya rage sukarin Coco Pops a Ingila daga giram 30 zuwa 17 a cikin giram 100. Abin da aka iya yi wa ɗan Landan ana iya yi wa ɗan Mashi.

Gaskiya ne ana ƙara wa waɗannan kayayyaki sinadaran gina jiki kamar ayon da bitamin, kuma a yankin da ƙarancin jini ya yi wa yara katutu wannan ba abin rainawa ba ne. Amma bitamin ba ya goge sukari. Kuma idan aka auna kuɗin 'yar leda ɗaya da yawan garin da ke cikinta, aka gwada da tiyar gero, za a ga nawa ake biya don kwali da talla.

Abin da ke hannunmu

Iyayenmu suna da ilimin ajiya tun kafin kwalbar magani ta zo. Gero a damminsa yake shiga rumbu, ba a sussuke shi sai za a ci, kuma a haka yakan shekara lafiya. Wake a cakuɗa shi da toka ko yashi mai laushi, wasu su sa barkono ko ganyen bedi. Dabarar jarka da duro da aka toshe ita ma tana aiki, don ƙwaro mai numfashi ne, in iska ta ƙare masa ya mutu.

A kan wannan hikimar aka gina buhun PICS, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka fara gwadawa da abokan aikinsu a arewacin Kamaru, aka yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, da hannun masu bincike na IITA a Kano da na cibiyar INRAN a Maraɗi. Leda biyu ne masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kuma ana ƙera shi a nan Kano. Sharuɗɗansa kaɗan ne: hatsi ya bushe sarai, leda ba huda, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora a kan katako nesa da ɓera, kada a riƙa buɗewa. Buhu ɗaya yakan yi kaka biyu ko uku in an kula da shi. Ya fi buhun gargajiya tsada, amma in aka cire kuɗin magani da asarar da ƙwari ke yi, riba ce.

Gane bushewa ma ba sai da na'ura ba. A sami kwalbar gilashi busasshiya, a zuba hatsi da cokalin gishiri busasshe, a rufe, a girgiza, a bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran danshi, a mayar shanya, kuma a kan tamfol, ba a ƙasa ko bakin kwalta ba.

A kicin kuma, aikin da mata suka gada yana da daraja fiye da yadda ake zato. Na sha zama ina kallon yayata tana shirya kamu. Ta tsince geron tsaf, ta zubar da baƙaƙe da waɗanda ƙwaro ya huda. Ta surfa, ta bakace dusar, ta wanke har ruwan ya fita fari, duk abin da ya taso sama ta kwashe. Ta jiƙa ya kwana, ta zubar da ruwan jiƙon, ta kai niƙa da citta da kanumfari, ta tace da ƙyalle. Kowane mataki a nan yana rage wani abu, domin mafi yawan sauran magani a fatar hatsi yake zama, mafi yawan fumfuna kuma a lalatattun tsaba. Ba ya kawar da komai da komai, kuma hatsin da ke warin magani babu wankin da zai halatta shi, a mayar wa mai shi. Amma kokon da aka yi haka, aka sa masa gyaɗa mai kyau ko madara, da sukari ɗan kaɗan da uwa ta auna da hannunta, ga ƙosai ko dafaffen ƙwai a gefe, abinci ne da ba ya jin kunyar kowane kwali.

Wanda kuma zai sayi na kwali, ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ya guji wanda aka farke aka ƙulla a farar leda, ya zaɓi mai ƙarancin zaƙi, kada ya ƙara sukari a kai, kuma ya mai da shi na ranar sauri, ba na kullum ba. Jariri ɗan ƙasa da wata shida nonon uwa kaɗai ya ishe shi, kuma kafin ya cika shekara biyu ba ya bukatar a saba masa da sukari.

Sauran aikin ya fi ƙarfin gida ɗaya. Malaman gona na hukumar KTARDA su riƙa shiga kasuwannin hatsi da kaka, lokacin da ake cika sito, su nuna buhun leda a aikace. A tilasta wa masu shigo da maganin feshi su rubuta ma'auni da gargaɗi da Hausa, da boko da ajami. Shugabannin 'yan hatsi da sarakunan kasuwa su sa doka a tsakaninsu, wanda aka kama yana yayyafa fiya-fiya a abinci a hana shi rumfa, domin sun fi kowace hukuma sanin wanda ke yi. Limamai su faɗa a huɗuba cewa sayar wa mutane abin da kai ba za ka ci ba algus ne, kuma addini ya hana. Gwamnatin jiha ta samar da wurin gwajin hatsi da ɗan kasuwa zai iya kai samfuri ya biya kuɗi kaɗan, ta yadda mai kaya mai tsabta zai sami shaidar da zai ƙara farashi da ita. NAFDAC kuma ta sa iyaka mai tsauri ga sukarin abincin jarirai, daidai da abin da ake yi wa yaran Turai.

Mu da muke noma hatsin, muke ajiye shi, muke aunawa a tiya, mu ne farkon wannan layi, kuma 'ya'yanmu ne a ƙarshensa. Kakar bana, kafin a ɗinke bakin buhu, kowane mai kaya ya tambayi kansa ko zai yarda a dama wa ɗansa kunu da abin da ke ciki. In amsar a'a ce, to kada ya kai shi kasuwa.